Ramin gindin bangon Kaka

Warin esansi, wato man fetur, gauraye da na jiƙaƙƙiyar laka, shi nake fara tunawa. Damina ce, ina ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare. Gidanmu a Dogondutsi cikin kwari yake, inda ruwa ke tsattsafowa daga ƙasa ko ba a yi na sama ba. Danshi ya hau bangon ɗakin kakata har ƙugu. Ɗakin laka ne, marigayi mijinta ya gina shi, ta kuma ce ba za ta fita ba.

Baba ya haƙa rami a gindin bangon don ruwan ya taru wuri ɗaya. Shi ƙaramin famfon lantarkin nan yake so, wanda ake nutsarwa cikin rami, mai ƙwallo a jiki: ruwa ya ɗaga ƙwallon, famfo ya tashi da kansa. Amma baffana, mai lambu a Kore Mairuwa, ya riga ya iso da injin ban ruwansa a amalanken jaki.

"Yaya, wancan abin wasan yara ne," in ji shi. "In an ɗauke kuran hwa? Ka zamna kallon ƙwallo?"

"Naka sai ya kurmantar da tsohuwa," in ji Baba.

"Na riga na kurmance," Kaka ta ce daga ciki. "Ku dai bar mini ɗakina tsaye."

Injin baffa aka tayar. Ni ke riƙe bakin tiyo a ƙofar gida, littafi a ɗaya hannun, layi ɗaya nake ta maimaitawa. Ruwan na fita kamar kunu, yana barin lallausan yashi a titi, ina zanen tsuntsaye a kai da yatsan ƙafa. Can sai in ajiye tiyon, in ruga in dafa bangon, in dawo, in sake komawa. Rami ya ƙafe mu yi murna, kafin la'asar ya sake cika.

Da bangon ya tsage, Baba ya goya Kaka ya fito da ita tana dukan kafaɗarsa. Da hantsi ɗakin ya durƙushe. Kowa ya ce ruwa ya fi ƙarfinmu.

Shekaru bayan rasuwar Kaka, ina karatu a Yamai, wani malami ya zana mana yadda ake irin wannan ramin: nesa da bango, a sa tano, wato ganga, mai huji, a kewaye shi da tsakuwa don ruwa kaɗai ya shiga. In ba haka ba, babban inji yakan zuƙe ƙasar da ginin ke zaune a kai.