Takalmin Gaishe da Surukai

Ban iya rubutu ba. Faɗa nake yi ana rubutawa, kuma in na yi shiru a tsakani sai a jira ni, don tun da maigidana ya rasu a daminar bara ba na ambatonsa hawaye bai zo ba. Allah Ya ji ƙansa, Ya haskaka makwancinsa.

Sana'arsa kifi. Muna zaune a wani ƙauye kudu da Tudun Wada, inda wutsiyar ruwan Tiga ta taɓo bakin dajin Falgore. Yakan sayi bandar kifi a hannun masunta, ya ɗaure kwando a bayan keke, ya ratsa dajin ta 'yan siraran hanyoyin da shanu da masu keke suka fitar, ya kai ƙauyukan da ke cikin duwatsu wajen Doguwa. A ɗaya daga cikinsu ya gan ni, can ne garinmu. Mai keke in ya fita da sassafe yakan isa kafin la'asar.

Kekensa ba shi da birki. Ba nasa kaɗai ba, duk masu bin wannan hanya haka nasu yake. Ƙasar tudu da gangare ce, ka hau ka sauka, ka hau ka sauka, robar birki ba ta jimawa take cinyewa, har suka gaji da sauyawa. Sai suka cire murfin da ke kan tayar gaba. In gangare ya zo, mutum ya ɗaga ƙafa ya danna tafin takalminsa a kan tayar, keke ya lafa. Shi ya sa dukkansu takalmin taya suke sawa, wanda ake yankowa daga tsohuwar tayar babbar mota, mai kauri, mai nauyi, mummuna. Na Malam, maigidan nawa, na dama har ya yi rami a tsakiya, daidai faɗin tayar keken.

A wancan zamanin sojoji ne ke mulki, ni kuma ina ɗauke da ciki na uku. Biyun farko duk zubewa suka yi. Na biyun ma a bayan a-kori-kura ya tsinke, muna dawowa daga kasuwa, motar tana buga mu da buhuna. Na ukun nan sai ya zauna, ya kai wata bakwai, yana motsi har yana hana ni barcin rana. Inna ta aiko ta ce a kawo ni goyon ciki, a gabanta take so in haihu. Na ce na ji, amma ni da mota har abada. Malam ya ce to keke zai kai ni, a hankali, ya fi kowace mota tausayi. Ya naɗe kariyar bayan keken da tsumma, ya ɗora matashi, ya ɗaure da roba.

Da safen da za mu tafi, na fito na same shi cikin babbar rigarsa shuɗiya da hula, ƙafarsa cikin sabon takalmin fata da ya saya da Babbar Sallah, tafinsa sumul kamar bayan ludayi.

Na ce, "Malam, ina na kullum ɗin?"

Ya ce, "Gidan surukai za ni da takalmin taya? So kike Baba ya ce 'yarsa tana auren guntun mota?"

Na ce, "Ai a haka ya ba ka ni."

Ya ce, "Ba shi ya ba ni ke ba, kifin ne ya ba ni." Ya yi dariya. Sannan ya ce, "Kada ki damu. Duk inda gangare yake, sauka za mu yi mu taka da ƙafa."

Ban taɓa hawa keken ba sai ran nan. Na zauna a karkace, ƙafafuna gefe guda, na tattare zane, na kama ƙarfen kariya da hannu biyu. Mace ba ta riƙe mijinta a waje. Ko a cikin daji ne, kunyar tana bin mutum.

Ƙarshen damina ne, gamba ta yi tsawo ta fi kanmu, tana shafar fuskata da raɓa. Da muka wuce gonakin ƙarshe sai komai ya yi tsit, ba zakara, ba ƙarar turmi, sai kukan sarƙar keke da numfashinsa. Ni 'yar ƙauye ce, amma ban taɓa shiga tsakiyar dajin nan ba. An sha ba mu labarin ɓauna da kura da mugun dawa, da miyagun mutane masu tare hanya. Duk sandar da ta karye a cikin ciyawa sai in waiwaya. Hannuna ɗaya yakan saki ƙarfe ya dafa ciki, in ji motsi, in mayar.

Ya cika alkawari. Duk gangaren da muka zo sai ya tsaya, in sauka, mu taka, shi yana jan keken yana ɗage rigarsa kada ƙaya ta kama. Muka ci ɗumamen tuwo a gindin wata kaɗanya. Rana ta take, ƙafafuna suka kumbura, tsando ya dame mu da cizo.

Bayan azahar muka hau wani dogon tudu mai manyan duwatsu hagu da dama. Daga samansa ana hango duwatsun garinmu, shuɗi-shuɗi. Hanyar ta miƙe ta gangara, da farko a hankali, kamar ba komai. Muka sauka, muka fara takawa. Ba mu yi nisa ba sai na ji wani haushi, ba na kare ba. Na ɗaga kai. Garken gwaggon biri ne a kan duwatsun, manya da 'ya'yansu, sun fi a ƙirga. Wani ƙato ya diro ya zauna a gefen hanya, ya buɗe baki, na ga haƙoransa masu tsawon yatsa. Na bayanmu ma suka fara saukowa. Ƙamshin kifi ya kama keken saboda kwandon da aka saba ɗora masa, ina jin shi suka biyo.

Malam ya ce, "Kau da kanki, kada ki kalle su." Don an ce mai ciki ba ta zura wa irinsu ido. Na kau da kai, na tsaya cak. Ya jefa dutse, ƙaton ya matso maimakon ya ja baya. Sai ya ce, "Hau. Mu wuce su kawai, can gaba sai mu sauka."

Na hau. Ya tura keken ya haye.

Muka wuce su. Na ji haushinsu yana komawa baya, har na fara cewa alhamdu lillahi. Amma hanyar ta karya kwana, gangaren ya zama wani abu daban. Keken ya fara gudu da kansa. Na ga ƙafarsa ta dama ta tashi, kamar yadda ta saba tashi kullum a wannan wurin, ta sauka a kan tayar. Na ji wani sauti, fiit, takalmin fata ya zame, tayar ta fizge shi ta yi jifa da shi cikin ciyawa. Ya ɗaga ta hagu. Takalminta ma haka, ko daƙiƙa bai yi ba.

Ya ce, "Inna lillahi."

Ban taɓa jin muryarsa haka ba. Itatuwa suka zama kamar ana jan su da igiya. Kariya tana dukana daga ƙasa, kowane dutse ina jin sa a cikin marata. Ɗankwalina ya tafi. Can ƙasa na hango rafi, ruwansa yana sheƙi a tsakanin baƙaƙen duwatsu, hanyar kuma kai tsaye cikinsu ta nufa. Abin da ke raina ɗaya ne: wannan ma ya tafi. Na uku ma ya tafi.

Ya ce, "Riƙe ni!"

Ban saki ƙarfen ba.

Ya daka tsawa, "Ki riƙe ni na ce!"

Na saki, na rungume shi ta baya, na cusa fuskata cikin rigarsa. Ta ƙarƙashin hannunsa na ga ya ɗora ƙafarsa tsirara a kan tayar. Ya danna. Na ji ƙarar a cikin bayansa kafin ta fito bakinsa, wani irin nishi kamar na bijimi a hannun mahauta. Na ji ƙaurin fata. Bai ɗaga ba. Keken ya rage gudu, yana rawa, yana rawa, jini yana fallatsowa kan zanena. Dab da rafin ya karkatar da kan keken cikin gamba, inda ruwa ya tara yashi. Muka kife. Yadda ya yi ya juya ban sani ba har yau, amma a kansa na faɗo, ba a ƙasa ba.

Muka kwanta nan. Tayar baya tana ta juyawa ita kaɗai.

Ya ce, "Yana motsi?"

Na dafa. Shiru. Na danna nan, na danna can, inda ya saba harbina. Shiru, cikin ya yi tauri kamar ƙwarya. Na ce, "Ban ji ba." Ya rufe ido.

Sai a lokacin na ga ƙafarsa. Fatar tafin ta saɓule tun daga diddige, babban yatsan ya shiga tsakanin taya da ƙarfe ya karye ya juya gefe. Na yage gefen babbar rigar na ɗaure masa. Ya ce ba za mu zauna ba, warin jini yana kiran abin da ba a so. Ya miƙe ya jingina da keken, yana ɗingishi, ni ina biye, hannuna biyu a ƙarƙashin ciki kamar mai ɗauke da ƙwai a zane. Muka tsallake rafin. Kowane taku ina jiran in ji ɗumi yana bin cinyata, irin wanda na sani sau biyu. Lokaci-lokaci yakan waiwayo ya dube ni, in girgiza kai.

Rana ta yi sanyi kafin muka ji kukan maraƙi. Ruga ce a bakin dajin, da 'yar gonar dawa a gefenta. Wata dattijuwar Bafulatana tana wanke ƙore ta hango mu, ta ajiye ta taho da sauri. Ba ta tambayi daga ina ba. Ta dubi cikina, ta dubi fuskata, ta kama hannuna ta kai ni inuwa ta kwantar da ni a kan tabarma ta gefen hagu. Ta sa aka kawo nono mai sanyi daga cikin bukka.

Ta ce, "Sha, 'yata. Shanye duka."

Na ce, "Inna, ya daina motsi."

Ta ce, "Ke da kike babba ma kin tsorata, bare shi. Sha."

Na sha. Ta zauna ta ɗora tafinta a kan cikina, tana kallon ƙasa. Malam yana zaune can nesa, mazan rugar suna wanke masa ƙafa da ruwan zafi, amma idonsa yana kanmu. Ya ba su labari a gutsure. Dattijuwar ta ji, ba ta ɗaga hannunta ba ta ce, "Kai kaɗo, ka yi wa surukai ado ka bar ƙafarka a daji. Takalmin da tun daga bakin zaure za ka tuɓe?"

Mazan suka yi dariya. Shi bai yi ba, ni ma ban yi ba.

Ban san tsawon zaman da muka yi a haka ba. Shanu suka fara dawowa. Na karanta duk addu'ar da na iya, ta ƙare, na sake. Na fara tunanin yadda zan shiga gidanmu in dubi Inna. Sai na ji wani abu ƙasa da haƙarƙarina, ɗan kaɗan, kamar kifi ya juya a cikin kwando. Na ce ko nonon ne. Sai ya sake, da ƙarfi, har hannun dattijuwar ya ɗaga.

Ta ce, "To, ga shi nan yana zagin ubansa."

Na fashe da kuka. Malam ya ture masu riƙe da shi, ya rarrafo da gwiwa har bakin tabarmar, a gaban mutane, ya tsaya nan. Hularsa ma ba ya tare da ita.

Washegari suka ɗora mu a kan jakuna suka raka mu garinmu. Haka ya isa gidan surukansa, riga a yage, kai ba hula, ƙafa ɗaya a naɗe da tsumma, ɗayar ba takalmi. Baba ya fito zaure, ya dube shi tun daga sama har ƙasa, ya ji abin da ya faru. Malam yana ƙoƙarin durƙusawa ya gaishe shi, Baba ya tare shi ya zaunar da shi a kan buzunsa, abin da bai taɓa yi wa wani suruki ba.

Na haihu da sanyin shekarar, mace, lafiyayya. Ita kaɗai Allah Ya bar mana. Ita ce ta matsa in faɗi wannan a rubuta, don ta ce ubanta bai taɓa ba ta labarin ba, in ta tambayi ɗingishinsa sai ya ce ƙaya ya taka.

Ƙafar ba ta koma daidai ba. Yatsan ya warke a karkace, tafin ya yi tabo mai sheƙi wanda ba ya jure taya ko da takalmi. Ya koyi dannawa da hagu, ya ƙara 'yan shekaru a hanyar, sannan ya bari ya koma noma. Da sanyi tabon yakan tsage, ni nake shafa masa man shanu. A ciwonsa na ƙarshe, da ya daina magana, ƙafar nan nake riƙewa, don ita ce kusa da inda nake zama. Har yanzu in na ji ƙarar keke yana gangarowa ta bayan gida, hannuna kan ciki yake tafiya, ni da na tsufa haka.

Dakata da rubutun. Bari in share fuskata.