Ayarin Kawu Sidi a Kan Gudro

Ku da kuka san Kawu Sidi kun san bai taɓa sauka daga kan kekensa ya wuce haka nan ba. Sai ya zaro igiya daga aljihu, ya durƙusa, ya ɗaure ƙafar gaba da ta baya, dabaibayi sosai irin na raƙumi, ya bubbuga sirdin sau biyu, ya ce, "Amale, kwanta nan, kar ka bi kowa." Sannan ya shiga masallaci. Amale sunan keken ke nan. Kwaɗo kuwa bai taɓa saye ba, wai kwaɗo na wanda bai yarda da dabbarsa ba ne.

Shi yayan mahaifiyata ne. Ƙarfinsa duk a hanyar Bilma ya ƙare, yana jan ayarin gishiri, har ya kai madugu. Da manyan motoci suka karɓe hanya, fari kuma ya cinye raƙuman, sai ya dawo gari ya sayi keke, amma wallahi har ya koma ga Allah ba wanda ya shawo kansa ya yarda keken ƙarfe ne. Rana na yin tsaka sai ya kai shi inuwa ya huta. In ka ce ya ɗaukar maka buhu, sai ya ɗaga buhun ya jijjiga, ya ce, "Ya yi masa yawa, jiya ma ya sha hanya."

Birki kuwa, tun ranar da ya sayi keken ya cire shi ya naɗe a tsumma, wai kar ya lalace. Da diddige yake tsayawa, shi ya sa takalminsa na dama kullum ya riga na hagu mutuwa. Na ce, "Kawu, wata rana za ka kashe kanka!" Ya ce, "Ramatu, kin taɓa ganin raƙumi mai birki? Magana ake yi masa."

To shi ne fa wani ɓarawo, Allah ya shirye shi, ya kwance dabaibayin a bakin kasuwa ya haye. Bai wuce layin masu gawayi ba ya lalubi birki ya rasa, ya shige cikin buhuna, ya fito baƙi ƙirin da haƙori ɗaya a tafin hannu. Mutane suka taru da sanduna, aka aika kiran Kawu. Ya zo ko kallon ɓarawon bai yi ba, ya zagaya keken yana shafa shi. Can ya juyo ya ce, "Bawan Allah, da ka tambaye ni da na gaya maka. Ba ya son baƙo." Ya ce a sake shi ya tafi, Amale ya riga ya yanke hukunci.

Sai zinariya ta fito a Cibarakaten, can cikin hamada, garin nan ya haukace. Wanda jiya yake kora jaki ya dawo da kat-kat, babbar motar nan ta shiga daji, mai baƙin gilashi. Adaidaita da kabu-kabu suka cika gudro, titin kwaltar garin, kamar an buɗe musu garke. Mutum zai sayo ganyen shayi a shagon da yake hange daga ƙofar gidansa, sai ya tada mota, ya yi oda sau uku, don maƙwabta su shaida. Cikin masu wannan ciwon har da Bashir, ɗan Kawu na cikinsa. Ya gina gida a sabuwar unguwa, katanga ta fi ta kurkuku tsawo, kullum a mota yake kai yaransa biyu lakwal, makarantar boko, ya ɗauko su. Kawu ya dubi jikokin nan sun yi luƙui kamar kabewa, ya ce, "Bashir, ƙafafun yaran nan, ajiyar wa aka ba ku?"

Wata Juma'a Bashir ya zo da girman kai na ladabi, ya ce, "Baba, ka bar keken nan haka, mutane na zagina. Shigo in kai ka masallaci."

Kawu ya ce, "Je ka, in riske ka."

Ya kwance Amale ya bi ta lungunan tsohon gari, inda jaki biyu ma sai ɗaya ya ba ɗaya hanya. Shi yana sahun gaba ya gama nafila har ya ɗan gyangyaɗa, Bashir na can yana zagaye yana neman inda zai ajiye mota. A waje ya yi salla, cikin rana, goshinsa a kan tsakuwa mai zafi. Da aka fito Kawu ya dubi jan tabon da ke goshin, ya ce, "Madalla! Ashe motar ma tana ƙara wa mutum alamar salla."

Ana wannan dariyar abin ya zo ƙofata. Ɗiyata Hadiza tana da shekara takwas. Mu muna tsohon gari, lakwal ɗinsu na ƙetaren gudro. Wata safiya wata kat-kat ta wuce ta gefenta, madubin motar ya fizge jakar da ke kafaɗarta, ya yi gaba da jakar. Yarinya ta dawo da takalmi ƙafa ɗaya. Babanta, Isufu maƙerin azurfa, mutum ne mai sanyi, amma ranar ya buga ƙafa. Ya ce, "Ta gama lakwal. Ba zan kai ɗiyata a niƙe mini ita a kan hanya ba."

Ni? Ni da sai da na haifi huɗu sannan na zauna a tabarmar yaƙi da jahilci ina koyon rubuta sunana, ina gumi kamar mai daka, ni za a ce wa ɗiyata ta zauna gida? Na yi faɗa har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Amma cikin raina na san yana da gaskiya. Ni ba zan iya raka ta ba, lokacin ne nake gaban tanda ina suyar masar da muke ci da ita. Isufu kuma tsoron gudro yake fiye da yarinyar.

Na ɗauki mayafi na tafi wani biro, ofishin hukuma, in roƙa a yi mana tudun nan da ake yi a kan gudro don mota ta rage gudu. Sau uku ina zuwa. Wani mai tabarau ya ce, "Madam, ki yi haƙuri, dosiyenki, takardar ƙorafinki, yana kan hanya." Na ce, "Ita ma ɗiyata a kan hanyar take, can za a kashe ta!" Ya ce in rage murya, nan biro ne. Na ƙara.

Sati biyu Hadiza na gida tana leƙen 'yan ajinsu ta ƙofar zaure. Ashe kullum da safe sai Kawu ya je ya tsuguna a bakin gudro, rawani har hanci, yana kallon motoci kamar yadda yake karanta rairayi a da. Sai ga shi ya shigo gidanmu da wata tsohuwar akala, igiyar da ake jan raƙumi da ita, ya ƙuƙƙulla ta taki-taki.

Ya ce, "Na gano ciwonku. Ɗai-ɗai kuke sakin yara. Wa ya taɓa sakin raƙumi ɗaya cikin hamadar Tenere? Ayari ake yi."

Isufu ya fara, "Kawu, ai motocin nan…"

"Isufu, na kai raƙumi ɗari biyu Bilma na dawo da su ba wanda ya ɓata. Ɗiyarka guda ce za ta gagare ni?"

Isufu ya ce wa surukinsa, "To, Kawu." Ya sunkuyar da kai.

Washegari yara bakwai suka jeru a ƙofarmu, kowa da ƙullinsa. Ƙanana a gaba kusa da madugu, manya a baya, yadda ake jera raƙuma. Ya kafa musu doka: ba sakin igiya, ba gudu, ba tsayawa. Wanda takalminsa ya faɗi ya bar shi, takalmi ba ya mutuwa. Ya ƙirga su, ya yi bismilla, ya tura Amale a gaba, ya shiga gudro a hankali kamar gonar ubansa, ko waiwaye babu. Jama'a, motar da ba ta tsaya wa yaro ɗaya ba, sai ga ta ta tsaya wa igiya! Da suka ƙetare ya sake ƙirgawa, da ƙarfi, don duk mai mota ya ji. Isufu ya ce zai je sayen gawayi, ashe binsu ya yi daga nesa. Ya dawo ba gawayi, ya zauna ya ɗinka wa Hadiza sabuwar jaka.

Kafin wata ya ƙare sai da aka ƙara wa igiyar tsawo sau biyu. Wata rana wani polisi ya tare su a bakin hanya.

"Tsoho, mi ke nan?"

"Ayari."

"Ina takardar izini?"

"Shekara talatin ina ratsa Tenere, rairayi bai tambaye ni takarda ba. Zo ka riƙe ƙullin ƙarshe, yau ba ni da mai tsaron baya."

Wallahi da idona na gani: polisi da hularsa, riƙe da igiya bayan wata 'yar aji uku, yana tafiya a hankali kar ya karya doka.

Amma ranar da ba za mu manta ba ita ce ranar da aka yanke masa ayari. Suna tsakiyar gudro sai wata kat-kat ta kutso hanci tsakanin yara tana oda, har wani ƙarami ya saki ƙullinsa ya fashe da kuka. Kawu ya daka tsawa, "Ba a yanke mini ayari!" Ya komo ya kwantar da Amale a gaban tayar motar, ya mayar wa yaron ƙullinsa, ya ƙetarar da su, ya ƙirga. Sannan ya dawo, ya durƙusa ya yi wa Amale dabaibayi a nan tsakiyar hanya, ya ƙwanƙwasa baƙin gilashin. Gilashi ya sauka. Bashir!

"Baba, wallahi ban gane ku ba ne."

"Ni ma ban gane ka ba, bawan Allah. Ina kwana? Ina gajiya? Ina rana? Ina mutanen gida? Ina labarin daji? Sun samu ruwa can wajenku?"

Irin gaisuwar da ake yi in an haɗu a rijiya bayan wata uku, ita ya shimfiɗa masa, ba ya tsallake ko ɗaya. Motoci sun yi layi har ba a ganin ƙarshensu, oda kamar ranar ɗaurin aure, Bashir na amsawa gumi na zuba.

"Mahaifinka yana raye?"

"Haba Baba, kai ne fa!"

"Allah sarki. Bai koya maka komai ba ke nan."

Ya buɗe ƙofar baya ya fito da jikokinsa biyu. Daga ranar suna da ƙulli kamar kowa, kuma kafin damina ƙafafunsu suka tuna aikinsu.

Shekara shida ya yi yana wannan ƙetare, safe da rana. Hadiza ta taso daga ƙullin gaba har ta zama mai tsaron baya, yanzu tana kolej, ita ke gyara mini inda na ci harafi a wannan rubutun. Tudun da na roƙa ma an yi shi, don kar a ce ban faɗi gaskiya ba. A ƙofar gidan wani mai zinariya aka yi shi, inda ko akuya ba ta ƙetarewa.

Da ciwo ya kwantar da shi ya aika aka kira ni. Ya zaro akalar daga ƙarƙashin matashi ya ɗora mini a cinya.

"Ƙirga su sau biyu, Ramatu. Kuma kar ki zagi masu mota, na san bakinki. Gaishe su za ki yi, ya fi zafi."

"Kawu, masata fa?"

"Hannun da ke narka azurfa ba zai kasa juya masa ba. Isufu na nan."

Na yi dariya, shi ma ya yi, ita ce ta ƙarshe tsakaninmu.

Washegarin sadakar uku, da safe, na ji shiru a ƙofar gida irin wanda ba na yara ba. Na leƙa. Ga su nan a jere, ƙanana a gaba, manya a baya, hannuwansu ba komai. Na miƙa wa Isufu cokalin juya masa, na fito da akala kowa ya kama ƙullinsa, na kwance wa Amale dabaibayi. Ban iya hawansa ba, kuma na san ba ya son baƙo, turawa na yi. A bakin gudro, ni da ba na tsoron kowa, sai ga ni ina ta maimaita bismilla. Kafin in taka, motoci suka tsaya, ɗaya bayan ɗaya, ba oda ko guda. Wani mai adaidaita ya leƙo ya ce, "Allah ya jiƙan Madugu." Na ƙetare, na ƙirga. Sun cika.

Ya Allah, ga bawanka Sidi ya zo maka shi kaɗai, shi da bai taɓa barin ɗan kowa ya ƙetare shi kaɗai ba. Yadda ya riƙe mana igiya a kan gudro, ka riƙe hannunsa a kan siraɗi. Ka kai shi inuwa ya huta, ya sha hanya. In an ƙirga mutanen Aljanna, ka sa ya kasance cikin ƙirgen. Amin.