Kular da Ta Dawo a Cike

A bakin tagar ɗakin magani na asibiti wata dattijuwa ke tsaye, ta rungume kular abinci kamar jariri. Yatsunta duk tabon ƙunar girki ne. Da gani ta daɗe tana ciyar da gida, kuma ba a saba dawo mata da kwano a cike ba.

"'Yar nan," ta ce wa mai ba da magani, "ki taimaka min da na buɗe ciki. Ɗana ne aka kwantar, ciwon zuciya da na suga. Tun da aka fara yi masa allurar nan, loma biyu sai ya ture kwano. Har wuyansa ya fito."

"Mama, ai aikin allurar ke nan. Ƙiba ce ta yi wa zuciyarsa nauyi, so ake ya ragu."

Dattijuwar ta ƙara rungume kular. A saninta rama ita ce ciwo, in majinyaci ya fara ci to sauƙi ya samu. Yau ga ma'aikaciyar asibiti tana jin ramar ɗanta tana cewa madalla.

"Wato da gangan ne?"

"Da gangan, Mama."

Ta ɗaga murfin kular, tururi ya taso, ta mayar a hankali. Na bayanta a layi suna ta tsaki, ita ko ba ta matsa ba.

"To ni," ta ce ƙasa-ƙasa, "da me zan yi jinyarsa?"