Muryar Malam a Cikin Lalitata

Da Malam ya kwanta ciwon da bai tashi ba, 'yata ta fari ta ɗauko mu daga ƙauye ta kawo mu gidanta a Nassarawa GRA, inda itatuwa suka fi mutane yawa, kowace ƙofa kuma da maigadinta. Kullum ta dawo daga aiki sai ta ajiye kwamfutarta a bakin gadonsa, shi yana magana, na'ura tana ɗauka. Ya yi zancen gona, ya yi karatu, ya yi faɗa. Da Allah ya karɓi abinsa, muryar nan ita ta rage mini. Duk Juma'a bayan la'asar a kunna mini, in zauna a tabarma in ji mijina yana cewa a miƙo masa buta.

Wata Juma'a sai kwamfutar ta fara ƙas-ƙas, ƙas-ƙas daga ciki, kamar gara ta samu azara. Malam ya ɗauko magana, ya maƙale a tsakiya.

'Yata ta kara kunne ta ce, "Inna, faifan da ke ciki ne yake mutuwa. In ya mutu, ya tafi da komai."

Na ce, "To a fito da Malam."

Ta ce sai an zaɓi manhajar da za ta yi aikin, wato ma'aikaciyar da ake sakawa a na'ura. Akwai mai sauri, wadda sai abin da ka nuna mata take kwashewa. Akwai wadda ke ɗaukar faifan ɗungurungum, yadda yake kwance, ta zuba shi a wani. Wannan shi suke kira hoton faifai. Amma tana cin lokaci, faifan kuma yana iya cikawa a hannunta. A cikin masu ɗaukar hoton ma, wata in ta iso wurin da ya ruɓe sai ta tsaya cak, wata kuwa ta tsallake, sai ta gama ta dawo ta lallaɓa shi.

Surukina, mijinta, ya ce, "Hajiya, ki ɗauki mai saurin nan ki huta. Ai kin san inda kika ajiye muryoyin."

Ta ce, "Ban sani ba, Alhaji. Kwanakin jinyar nan hankalina ba ya jikina. Duk inda hannuna ya faɗa nan nake zubawa."

Ni dai na ce kar a bar mini ko tarinsa.

Ta zaɓi mai tsallake ruɓa. Ta jona wani ɗan akwati baƙi da za a zuba hoton a ciki, bai fi sabulun wanka ba, aka wuni ana abu ɗaya. Aka ɗauke wuta, janareta ya karɓa, ni ina gefe da carbi ina jin ƙas-ƙas ɗin nan har cikin haƙorana. Da aka gama ta ce ba za ta yarda da shi ba sai an kai wurin mai gyara a Kaura Goje an gwada a wata na'ura.

Washegari surukina ya fita da mota, muka tare a-daidaita-sahu. Na ce ƙafata ƙafarta. Za ta jefa ɗan akwatin a jakar kwamfuta, na warce. Tun da na yi aure ban taɓa sa abin Malam a jakar wani ba. Na naɗe shi a leda, na cusa a lalita, na ɗaure a ƙugu, na mayar da zane a kai.

Ta yi dariya ta ce, "Inna, sai ka ce goron biki."

Rana tsaka muka shiga cunkoso wajen Tudun Murtala. Samari biyu suka shigo kamar fasinja, ɗaya ya zauna gefen direba, ɗaya ya matse 'yata. Ban ga lokacin da ya zaro wuƙar ba. Na dai ga ƙyallinta a kan hijabinta.

"Hajiya, waya da jaka. Kar ki yi ihu."

Wayar ta miƙa nan take, na gefen direba ya karɓe. Jakar kuwa ta ƙanƙame ta a ƙirji. Ta manta da abin da ke ƙuguna. Ita dai ubanta na cikin jakar nan. Ya ja, ta ja. Ya kai mata naushi a baki, kanta ya daki ƙarfen keken, ba ta saki ba. Sai ya ɗora wuƙar a kan yatsunta ya ja, yadda mahauci ke jan wuƙa a kan igiyar da ta ɗaure nama. Jini ya yi tsartuwa ya fesa mini a fuska, da ɗuminsa, jakar ta koma hannunsa.

A wurinmu uwa ba ta kiran sunan 'yar fari. Tun da na haife ta bakina bai taɓa furta shi ba, ko a ɗaki. Ranar nan na ƙwala shi da ƙarfin da ban san ina da shi ba, har masu rake a tsallaken titi suka waiwayo.

Na cafke wa mai wuƙar wuyan riga, na kafa masa haƙoran da suka rage mini a dantse. Ya yi ƙara, ya mangare ni da gindin wuƙa a goshi. Ɗan'uwansa ya zagayo ya finciko ƙafata, na faɗo daga keken da ƙugu, daidai kan lalita. Na ji wani abu ya ce ƙas a ƙarƙashina. Ban san ko ƙashina ba ne ko Malam.

Aka ɗauki ihu. Ɓarawo! Ɓarawo! Wanda ya finciko ni ya tsallake kwata ya shige lungu da wayar. Mai jakar kuwa masu facin taya suka sha gabansa. Da ya ga ba hanya, ya riƙe jakar da igiyarta yana wurgawa kamar majajjawa, ya rafka wa wani dattijo a kunne, igiyar ta tsinke, jakar ta daki kwalta, wata motar yashi ta bi ta kai. Na ji ƙarar fashewar kwamfutar da kunnena.

Suka rufe shi. Mai ƙarfen taya, mai gora, mai bulo. Ina kwance a ƙasa ina ganin fuskarsa ta tsakanin ƙafafun mutane, bakinsa cike da jini yana kiran uwarsa. Wani ya ce a kawo fetur. 'Yata, da hannunta naɗe a hijabi yana ɗiga, ta rarrafa tana cewa, "Don Allah ku bari! Don Allah!" Ba wanda ya ji ta. Sai da 'yan sanda suka yi harbi sama aka watse. Suka jefa shi bayan mota kamar buhu. Har yau ban san ko ya rayu ba.

A asibiti aka ɗinke mata hannu, ni aka ɗinke mini goshi. Ba wadda ta yi wa 'yar'uwarta zancen lalita. Tsoro muke ji. Da muka koma gida na kwance ta: murfin ɗan akwatin ya tsage daga kusurwa.

Surukina ya ɗauko mai gyaran har gida da tasa na'urar. Mai gyaran ya juya akwatin, ya girgiza kai, ya ce mini, "Baba, sai addu'a." Ya jona. Wata 'yar fitila ta yi ƙyaf, ta mutu, ta sake kamawa. Muka zauna har inuwar mangwaro ta kai bakin ƙofa, sannan ya ce hoton ya zauna, sai ɗan abin da ruɓa ta riga ta ci.

Ya kunna. Malam ya nemi buta. Ya kunna na gaba, Malam ya yi zancen gona. Can mai gyara ya ce ga wata murya a wani lungu na faifan, ba ko suna a kanta. 'Yata ta ce ba ta san da ita ba. Ashe wata rana ta bar na'urar a kunne ta fita. Babu komai a ciki sai numfashinsa, da ƙarar fanka, da tari. Sannan a hankali ya ce, "Ke, kin ci abinci kuwa? Tun safe ina kallonki."

Na ji tawa muryar ta ce na ci. Ƙarya na yi masa, shi ma ya sani, don ya yi 'yar dariya.

Yatsu biyu na hannun 'yata ba su ƙara lanƙwasuwa ba. Ta sa an sake yin hoton a wani akwatin, ta kai gidan ƙaninta a Kawaji. Mai tsagar kuwa yana lalitata. Duk Juma'a in kwance shi in miƙa mata, ta karɓa da yatsu ukun da suka rage mata, ta kunna mini wannan ta lungu, ta fita ta ja mini ƙofa.