Layin Jan Fenti da Isufu Ke Ja a Tirela

Tirelar da Hajiya Zulaiha Garba ta saya ba ta shiga kwantena ranar Litinin kamar yadda aka tsara ba. An tsayar da ita bayan gwajin da aka yi ranar Asabar da hantsi a wata hanya marar zirga-zirga a bayan unguwar Baiyun da ke birnin Guangzhou, inda ta fara jijjiga motar da ke janta tun gudu bai kai kilomita saba'in ba. Babu wanda ya ji rauni. Wanda ya dage a yi gwajin, kuma ya riƙe sitiyari, shi ne Malam Isufu, bakanike ɗan Maraɗi mai shekara hamsin da takwas, wanda zai bar Guangzhou ƙarshen wannan wata bayan shekara goma sha huɗu.

'Yan kasuwa kaɗan ne suka san fuskarsa. Ƙarfe takwas yake isa garejin wani Basine da ake kira Lao Chen, inda ake duba motoci kafin a ɗora su a jirgi. Ba ya fara kunce komai. Tef ɗin awo yake ɗauka, ya auna tsayin motar daga ƙasa, gaba da baya, ya rubuta da alli a jikinta. Sai a ɗaura mata abin da za ta ja, ya sake aunawa. In baya ya zauna gaba ya ɗaga, ya san tayoyin gaba sun daina riƙe kwalta sosai, sitiyari da birki sun rage amfani. Masu jigila a unguwar Sanyuanli na ce masa Isufu mai alli.

Abin da Hajiya, 'yar kasuwar tufafi daga Kano, ta saya shi ne ƙaramar tirela mai ɗaki, da gado da tankin ruwa, irin wadda akori-kura ke ja. Biyu ta saya da motocinsu, don ma'aikatan gonarsu da ke kwana a daji. Ta farko ta tafi tun wata biyu da suka wuce, ba ta bi ta hannun Isufu ba.

Duk wanda ya taɓa loda kwantena ya san ƙa'idarmu: ba a barin wuri fanko. In an sayi firiji a cika shi da takalma. In mota ce, a danna kaya har kan kujerar direba. Hajiya ta cika tirelar da dilolin dogayen riguna daga kasuwar Shahe, mafi nauyinsu a can ƙurya, bayan tayoyi. A cikin kwantena wannan ba komai ba ne. Amma ba a sauke kayan a tashar jirgin ruwa ta Legas. Haka ake maƙala tirelar a ƙugiyar mota a kama hanyar Kano.

Lao Chen da wani direba da ke wurin sun ba da labarin gardamar da aka yi kafin gwajin iri ɗaya.

"Malam Isufu, ku mutanen Faransa akwai son dogon bincike," in ji Hajiya. "A ƙara mata sifirin huɗu a baya kawai, yadda muke yi a gida. Ni jirgi nake gudun ya tafi ya bar ni."

"Hajiya, sifirin na hana baya zama. Ba ya hana wutsiya kaɗawa."

"Laoban, maigidan da ya sayar mini, ya ce meyo, wato babu matsala."

"Laoban ya ce meyo ne don ya gan ki da sauri. Shi bai taɓa bin hanyar Mokwa ba. Ki shiga mu zaga sau ɗaya. In ta tafi salin-alin, ni zan tura ta cikin kwantenar da hannuna."

Ta shiga. Ta faɗa mini daga baya cewa da farko ta ɗauka iska ce. Sai ta ji bayan motar na zuwa dama yana komawa hagu, kowane zuwa ya fi na baya faɗi. A madubi ta ga gefen tirelar gaba ɗaya. Ta yi salati, ta ce ya taka birki. Bai taka ba. Ya ɗage ƙafa daga totur, ya riƙe sitiyari a miƙe har motar ta lafa da kanta. Da suka tsaya, ta daɗe ba ta iya buɗe ƙofa ba.

Kwana uku ya yi a kan gyaran. Sifirin ɗaya ya ƙara kowane gefe, ba huɗu ba. Ya sauya shokozoba, ya ɗaura sandunan ƙarfe biyu a ƙugiya masu mayar da wani nauyin kan tayoyin gaba. Ya fitar da rabin dilolin, sauran ya matso da su gaba. Sannan ya yi abin da yake yi wa kowace tirela: ya ja layi da jan fenti a daɓenta, daidai saitin tayoyi, ya rubuta da Hausa, da boko da ajami, "Kaya mai nauyi kada ya wuce nan." A gwaji na biyu sun kai tamanin, ba ta motsa ba.

Malam Isufu, kai ne kake ɓata wa mutane rai a Baiyun don kada a kira su da mummunan labari daga Jebba. Kai ne ka yarda a ce maka mai taurin kai, ba ka yarda ka sa hannu a kan motar da ba ka auna ba. Direbobi da yawa sun isa gida ba su san sunanka ba. A madadinsu, mun gode. Ga masu gareji da masu loda kaya da za su rage a nan, aikin bai fi tef da alli da haƙurin kwana uku ba. Ku karɓe shi kafin ya tafi.

Shi dai Isufu bai karɓi godiyar ba tukuna. Tirelar farko ta fito daga tashar Legas shekaranjiya, da lodi irin na wannan. Ƙanen Hajiya, Mas'udu, shi zai ja ta da kansa. Isufu ya tura masa saƙon murya na minti shida, Hajiya ta tura masa hoton layin. Amsarsa ɗaya ce: "Yaya, ki kwantar da hankalinki, na sa an ƙara mata sifirin huɗu."

Ya ce zai tashi ranar Asabar bayan sallar asuba. Har zuwa lokacin haɗa wannan rubutu, bai faɗi ko zai sauke dilolin ba.