Katakon da Baba Mai Sassaƙa Bai Tsaga Ba

Baba Mai Sassaƙa ya shigo ƙasar nan tun kafin a haife ni, da jaka ɗaya da wuƙaƙen aikinsa naɗe cikin safa. Shekara ashirin ya yi yana jera haruffa a maɗaba'a, amma har ya tsufa bai iya karanta yarenmu sosai ba. Ranar hutu filin wasa yake tafiya, ya zana masu tsere da 'yan dambe, ya dawo ya sassaƙa su a katako, ya shafa tawada, ya ɗora takarda yana gogawa da bayan cokali.

Ɗakinsa na kallon namu, a ƙofarsa na girma. Ƙa'idarsa ɗaya ce: kowane katako bugu talatin, ya sa hannu da fensir a ƙasan kowane, sannan ya tsaga katakon da wuƙa.

"Na ce wa mutane talatin ne," in ji shi. "Katako ba shi da kunya, 'yata, sai ya haifi dubu."

Guda ɗaya ya kasa tsagawa: na wani ɗan dambe da ya durƙusa yana dariya, abokinsa na farko a garin nan.

Da na gama jami'a, yayana, sakataren ƙungiyar dambe, ya kawo takarda, wai aron katakon suke so don baje koli.

"Ke mai digiri, karanta wa Baba mana."

Ina ɗokin a ga na iya, na karanta shafin farko, na ce aro ne kawai. Shafi na biyu ban ko ɗaga ba. Baba ya sa hannu.

Bayan wata biyu sai ga ɗan damben a riguna da kalandu, ko'ina a kasuwa, ba sunan Baba, don sunansa bai taɓa zama a jikin katako ba. Ashe shafi na biyun ya ba su izinin buga shi yadda suka ga dama. Na tari Yaya.

"Ai ke kika karanta," ya ce, yana ɗaure takalmi.

Waɗanda suka sayi hotuna talatin na ɗan damben suka fara zuwa. Wani ya ajiye nasa a ƙofa ya juya, ko sallama babu.

Na shiga ɗakin. Baba bai yi faɗa ba. Ya ɗauki hoton, ya goge sa hannunsa a hankali, ya hure.

"Ba ki yi ƙarya ba, 'yata. Ni aka mai da maƙaryaci."

Tun ranar bai sake taɓa wuƙa ba. Ni kuwa ko takardar magani aka miƙo mini, sai na juya bayanta na duba.