Jitar da Malam Haladu Ya Ƙi Hudawa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan, ko shayi ban kai baki ba, waya ta shigo daga Wudil. Nasiru ne, babban ɗan Malam Haladu mai gyaran rediyo. Ya ce, "Baba, sai haƙuri. Tsoho ya cika bayan sallar asuba."

Na ajiye kofin.

Amma zan gaya muku gaskiya, bayan salati, abin da ya fara fitowa daga bakina shi ne alhamdu lillahi. Matata Hajiya ta juyo ta kalle ni, ita ta san dalili. Ku ne ba ku sani ba.

Na ci mutuncin mutumin nan a gaban jama'a, na kwashe kusan shekara hamsin ban ba shi haƙuri ba. Sati uku da suka wuce Allah Ya kai ni ƙofar gidansa. Sati uku kacal.

Bari in faro muku daga tushe.

Lokacin ina sabon malami a wata makarantar kwana a Wudil, a shekarun nan da kuɗin mai ya shigo ƙasa. Kowa ya sayi rediyo, mu ma'aikata muka sayi babura, muka saki wando mai faɗin ƙafa yana sharar titi. Ni kuwa kaina hayaƙi yake yi. Gani nake duk garin babu wanda ya kai ni wayewa.

Gwamnati ta kwaso malamai daga ƙasashen waje, cikinsu har da Malam Ruben, ɗan ƙasar Filifin, mai koyar da lissafi. Ɗakunanmu na jere a kwatas. Yana da jita irin ta katako zalla, tsirkiyarta ba ta ƙarfe ba ce, kamar zaren da masunta ke ɗaura wa fatsa take. Muryarta sanyi, sai ka matso kake jin daɗinta. Shi ya koya mini kaɗawa.

Rannan aka aiko masa mahaifinsa ba lafiya. Da zai tafi ya kawo mini jitar har ɗaki, ya ce da Hausarsa ta koyo, "Ajiya, malam. Ajiya."

Bai fi wata guda da tafiya ba aka sa ranar bikin raba kyaututtuka. Da rawar kaina na je na gaya wa Firinsifal ni zan kaɗa wa ɗalibai jita su yi waƙar maraba. A fili za a yi, gaban manyan baƙi. Makirfo ɗaya makarantar ke da shi, kuma masu waƙa za a ba. Muka gwada, daga layi na uku ba wanda ke jin jitar. Sai ka ga hannuna na motsi kamar mai susa.

Na hau babur sai Kano. A wani shago aka nuna mini 'yar na'urar da ke ɗauko sautin jita ta kai wa lasifika, suka ce sunanta fikof. Tana ƙyalli a cikin kwalinta, da sukuru huɗu a 'yar leda. Ban tambayi komai ba, na saya. Abin da ya rage kawai a huda fuskar jitar wuri huɗu a ɗaure.

Shi ne na nufi wajen Malam Haladu.

Mutumin ƙauyen Indabo ne, ya girme ni da kamar shekara goma. 'Yar rumfarsa na bakin titi kusa da tasha. Kowace rediyo a wajensa akwai 'yar takarda ɗaure a hannunta, sunan mai ita da garinsu da ajami. In manomi ya kawo gyara daga ƙauye, sai ya ba shi aron tasa ya tafi da ita, don kada ya rasa labarai. Ni ma ya taɓa gyara mini fitilar babur, ya ce wannan ai ba aiki ba ne.

Ranar Juma'a ce, kasuwa ta cika, benci cike da mutane. Na ɗora jita da kwali a teburinsa na ce ya huda mini.

Ya juya ta a hankali, ya shafa fuskarta da bayan hannu. Ya ce, "Ticha, taka ce?"

Na ce ta abokina ce.

"Shi ya ce a huda?"

Na ce ba ya ƙasar ma.

Ya ce, "To, ka yi haƙuri, ba da hannuna ba. Rami in ya shiga katako ya shiga ke nan. Kuma wannan abin naka maganaɗisu ne a ciki, ƙarfe yake ji. Tsirkiyar nan kuwa..."

Ban bari ya ƙarasa ba.

Allah Ya yafe mini. Na ce da shi, kai da ko aji ɗaya ba ka taɓa shiga ba, kai ne za ka gaya mini abin da Turawa suka ƙera ba ya aiki? Na kira shi bagidaje. Na ce ya koma Indabo ya kama fartanya. Na ɗauki kwalin na wurga masa a ƙirji, na ce, "Riƙe, ka dafa ka ci!" Na suri jita na yi gaba.

Shi dai ya sunkuya yana tsince sukurorin da suka zube.

Sai da na isa ɗaki na tuna na baro fikof ɗin. Na so in kai wa kafintan makaranta ya huda mini, to amma da wane ido zan koma in karɓo? Na zauna ina jira ya aiko mini. Asabar shiru. Lahadi shiru. Biki kuma ranar Alhamis.

Litinin bayan la'asar sai ga shi a kan keke, da ɗan gwangwani a hannu.

Ya yi sallama, muka gaisa, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya, kamar ba abin da ya taɓa haɗa mu. Ya ce, "Ticha, ɗauko jitar nan mu gwada wani abu."

Ƙwayar da ke riƙe allura a garmahon faifai ya ciro daga wani matacce, ya jona mata doguwar waya. Ya ce ita ba ruwanta da ƙarfe, girgiza take ji. In ta ji rawar faifai, za ta ji rawar katako.

Ashe kwana biyun nan da nake zaginsa a zuci, shi yana can yana gwada abin liƙawa a bayan tsohon akwatin rediyo mai fenti. Ya lissafa mini. Gam ba ya fita. Filasta tana tashi da fenti. Ƙaro in ya bushe sai an kankare. Daga ƙarshe ya aika ƙauyen Utai wajen wani mai amya aka kawo masa kakin zuma.

Ya murza kakin a tafin hannu har ya yi laushi, ya liƙa ƙwayar, na kaɗa. Ya ɗaga, ya matsar, na sake kaɗawa. A bakin ramin jitar sai gunji. A can gefe, kamar sauro. Sai da ya kai ta ƙasan jaki, ɗan katakon da tsirkiyoyi ke hawa, sannan muryar ta fito tas daga rediyon ɗakina da ya jona.

Ya ɓanɓare, ya goge wurin da gefen rigarsa, ya nuna mini. Ko alama babu.

Kun san abin da na ce da shi?

"Ba laifi."

Wallahi iyakar abin da na ce ke nan.

Ranar biki ana tsakiyar bazara, rana kamar ta faɗo. Malam Haladu ne ya fara tunawa kaki ba ya son zafi. Ya rufe rumfarsa ya zo, ya ja kujerata ƙarƙashin darbejiya, ya tsuguna a bayana da kofin ruwan randa, curin kaki a ciki. Duk waƙa ɗaya in an gama sai ya miƙo hannu ya canja. Har bakin ƙofar makaranta an ji jitar.

Firinsifal ya yaba mini a lasifika, wai malamai masu basira irina ake nema. Na tashi na ɗaga hannu. Ban ambaci Malam Haladu ba. Da na waiwaya ya naɗe wayarsa ya tafi.

Bayan wata biyu Malam Ruben ya dawo, ya rame. Mahaifin ya rasu. Da na miƙa masa jitar ya kai ta bakin taga, ya juya gaba, ya juya baya, sai ya rungume ta ya fashe da kuka. Ashe tsohon ne ya sassaƙa ta da hannunsa, kuma ita kaɗai ta rage masa.

Rami huɗu na so in yi mata. Kuma daga baya na tabbatar, ko an huda, fikof ɗin ba zai ce uffan ba.

A ranar ya kamata in tafi rumfar nan. Na ce gobe. Aka yi mini canjin wurin aiki, na tafi ƙaro karatu, na yi aure, na zauna a Kano. Kano da Wudil, ko awa guda ba a yi. Na haye gadar Wudil ya fi a ƙirga, in na zo daidai tasha sai in kawar da kai. Da farko girman kai ne. Daga baya kunya ce, kuma kullum ƙara nauyi take.

Watan jiya ina duba waya na ga ana tallar fikof irin na zamani, 'yan ƙanana, ka liƙa ka cire ba huda ba tabo. Na ce da Hajiya, ai wani ya yi wannan a Wudil da kakin zuma tun ba a haifi masu tallar ba.

Ta ce, "Alhaji, shekara nawa kana ba ni labarin nan? Ban taɓa jin inda ka ce ka koma ka gode masa ba. Yana raye kuwa?"

Ban sani ba. Wannan ne ya tashe ni.

Rumfar babu, masu cajin waya ne a wurin. Su suka haɗa ni da Nasiru, ya kai ni gida. Na sami tsoho a zaure kan tabarma, idanu sun tafi. Ina yin sallama ya karkato kunne.

"Wannan muryar... Ticha mai jita?"

Na durƙusa. Duk jawabin da na shirya a mota ya gudu. Na ce, "Malam, na zage ka a gaban mutane, ka yi mini alheri ban gode ba. Ka yafe mini don Allah."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Haba Ticha, ai ƙuruciya ce. Tun kafin ka tayar da babur na yafe. Ni ne ma nake nemanka. Nasiru, ɗauko gwangwanin nan na ƙarƙashin gado."

Da aka buɗe, kwalin nan ne a ciki. Ya koɗe, gefe ya cinye, amma fikof na ciki da sukuru huɗu cif. Ga 'yar takarda a ɗaure da ajami: na Ticha mai jita.

Nasiru ya ce tun da tsoho ya bar aiki yake sa su bin ƙauyuka suna mayar da rediyoyin da masu su ba su dawo karɓa ba, in mutum ya rasu a ba magada. Duk sun ƙare, saura wannan. Sunana na gaskiya bai taɓa sani ba, kuma an tambaya a makaranta ba wanda ya tuna ni.

Tsoho ya laluba ya kama hannuna. Ya ce, "Da gangan na ƙi aiko maka ranar. Na san in ya koma hannunka wajen kafinta za ka. To amma kayanka ne, na riƙe ba da izininka ba. Abin ya daɗe yana ci mini rai. Kai ma ka yafe mini."

Jama'a, ni ake roƙo.

Da ƙyar na ce na yafe, duniya da lahira.

Ya sauke ajiyar zuciya, ya jingina da bango. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Yanzu ba kayan kowa a hannuna."

Muka ci soyayyen kifi tare. Ya tambaye ni ko har yanzu ina kaɗawa, na ce yatsu sun ƙi. Ya ce dama can ba wani iyawa na yi ba, kakinsa ne ya rufa mini asiri.

Ɗazu muka dawo daga maƙabarta. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, amma ƙirjina sakayau. Da na ƙara cewa gobe sau ɗaya, da yau da nauyin laifina zan tsaya a bakin kabarinsa, shi ma da ya tafi da kayana a ƙarƙashin gado.

Kwalin yana gabana yanzu da nake wannan rubutu. Ban cire takardar ba.

Ya Allah, Ka jiƙan Malam Haladu. Yadda ya tsare amanar bayinKa, Ka karɓe shi cikin amanarKa. Ka haskaka kabarinsa, Ka yafe masa kurakuransa, Ka ba Nasiru da 'yan uwansa haƙuri.

Duk wanda ya karanta har nan, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a, ko Ƙulhuwallahu ƙafa uku ce. Ku sa da Malam Ruben a fatan alheri, duk inda yake.

In kuma akwai ƙofar da kake kawar da kai in ka zo wucewa, ka tsaya yau ka yi sallama. Ni sati uku na samu.